Gwaggo Mai Awakin Aro

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, mutanen Matameye sun yi mata abin da ya kamata. An yi salla, an rufe, an dawo ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi a gindin durumi. Ni ne na zauna bakin zaure ina amsa gaisuwa, domin yayar mahaifina ce, kuma a gidanmu ta ƙare kwananta. A nan na lura da abin da ban so na lura da shi ba. Duk wanda ya durƙusa ya ce mini “ya haƙuri”, idonsa ba a kaina yake ba, yana can bayan danga inda 'yan awakinta ke ɗaure.

Wani tsohon maƙeri, sa'anta, ya shafa fatiha ya ce, “Allah ya jiƙanta. Tun tana da ƙarfi take sayen lauje wurina, ba ta taɓa karɓa ba sai an yanki ciyawa da shi a gabanta.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka ce amin. Wani ya ce ta yi aikin da maza masu rawani ba su yi ba. Na kusa da shi ya ce, “To, Allah dai shi ya san niyya.” Ba wanda ya musa.

A cikin gida, matan da ke riƙe da awakinta su suka fi kowa kuka, kuma kowacce ta zauna nesa da 'yar'uwarta. Inna, mahaifiyata, tana cikinsu. Daga baya ta ce da ni, “Ban sani ba ko ita suke yi wa kuka ko awakin. Ni kaina ban san wanda nake yi wa ba.”

Ɗa guda gare ta, taubashina, mai fataucin kanwa a Kance. Ya iso bayan la'asar, an riga an rufe ta. Ya yi kuka na gaske, wannan ba zan hana masa ba. Amma da aka sauke mangalar jakinsa, na ga sababbin igiyoyi a ciki, murɗin kaba, ba ɗaya ba ba biyu ba. Mai zuwa gaisuwar uwarsa me zai yi da igiya? Na tsorata, saboda ƙanena yana Katsina yana karatu, kuma awakin Gwaggo da ke turken Inna su ke riƙe da shi a can. Ran da aka kwance su, karatunsa ya ƙare.

Na rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don kada a tuna ta da rabin labari.

Ana cewa ilimi ba a sayar da shi. Gaskiya ne, malam ba ya sayarwa. Amma mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya yi gemu, ya ajiye iyali, sannan ya ce zai tafi Katsina ko Damagaram ya zauna gaban manyan malamai a karanta masa littattafai, hannu ne ya fita daga gandu. Kunyoyin gonarsa ba za su nome kansu ba. Matarsa sai ta ci. Takardar da zai kwafi littafi a kanta Larabawa ke kawowa daga arewa, kuma ba da addu'a ake biyansu ba. Gidan da ya sauka ma ba zai yi ta cin tuwonsu hannu rabbana ba. Shi ya sa a garinmu 'ya'yan malamai da 'ya'yan masu hali kaɗai ke wuce sauka, sauran a koma ga fartanya.

Gwaggo ce ta buɗe wata ƙofa, kuma da akuya ta buɗe ta. Takan ja akuya mai ciki zuwa gidan uwar ɗalibi, ta ɗaure ta a turke da hannunta. In ta haifi bunsuru, na ɗalibi ne: a kiwata shi a sayar, a biya 'yan ƙwadagon da za su yi noma a madadinsa, saura a aika masa ta hannun fatake. Nono na mutan gida ne. In kuwa mace ta haifa, sai ta zauna ta ci gaba da haihuwa a nan, amma ta Gwaggo ce. Ran da ɗalibi ya dawo, ta zo ta kwance matan duka ta kai wani gida. Jajaye ne, irin waɗanda majema ke rububin fatarsu, don haka bunsurunsu na da daraja ranar kasuwa. Kuma duk inda ta ɗaure akuya, sai ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta bayan katanga: “Aro ne, kun ji ko? Ban ba ku ba. Aro ne!”

Abin da ya sa ta fara wannan, har yau ba a daidaita ba. Wasu sun ce mijinta ne ya taɓa barin karatu saboda yunwa, ya mutu da abin a ransa. Wasu sun ce wayo ne kawai: ta rarraba dukiyarta gida-gida ana yi mata kiwo, in bayin Sarkin Damagaram sun zo karɓar na sarki su iske turkenta da 'yan tsiraru. Na taɓa tambayarta sau ɗaya. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Wa ya aiko ka?”

Haka take. Ka ce mata an yi ruwa a Dawce, ta ce, “Wa ya gani?” Ka kai mata fura, sai ta sa ka fara sha. Ba ta gaya wa kowa ranar da za ta je duba awakinta. Sai dai a ga sandarta ta leƙo zaure da hantsi, ta wuce gaisuwa ta nufi turke, ta taɓa cikin wannan, ta buɗe bakin waccan, sannan ta zaga juji tana tona shi da sanda ko za ta ga ƙashi. A Matameye in Gwaggo ta ce, “Miyarku yau ta yi ƙamshi,” ba yabo ba ne. Inna in ta sayo ɗan nama a kasuwa sai ta nemi mahauci ya zama shaida.

Fatake sun fi kowa shan wuya a hannunta. Duk ayarin da ya sauka daga Katsina, tana nan bakin zango kafin a kwance kaya.

“Ka ga yaron nan da idonka?”

“Na gan shi, Gwaggo, yana gaishe ki.”

“A zaure ka same shi ko a kasuwa? Ya yi ƙiba?”

In ya ce ya yi ƙiba, ta ce to ba karatu yake ba, mai karatu ba ya ƙiba. In ya ce ya rame, ta ce to kai ka cinye saƙon da aka ba ka. Wani bafatake ya taɓa rantsuwa cewa gara ya haɗu da mahara a hanya da ya haɗu da ita.

Ni ma na nemi akuyarta, kuma ta hana ni. Na sauke Alƙur'ani kafin ƙanena, rubutuna ya fi nasa kyau, kowa ya sani. Na wanke rigata na je na durƙusa, na ce, “Gwaggo, ina son tafiya Katsina.”

Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Katsina kake so, ko karatu?”

“Karatu, Gwaggo.”

“Shekaranjiya da aka yi kiɗan mahauta, wa na gani gaba-gaba yana gyaɗa kai?”

“Wucewa nake yi.”

“Wucewar ta yi tsawo. Kai garin kake so ka gani. Je ka gani da ƙafarka, akuyata ba ta zuwa yawon buɗe ido.”

Na tashi na fita. Na daina gaishe ta har damina ta wuce, ko a jikinta. Ƙarshe karofi na faɗa, na zama marini, hannuna ya yi shuɗi har yau. Da ƙanena ya isa, shi ko roƙo bai yi ba, ta ja akuya ta kawo wa Inna da kanta. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Ko ta yi daidai a kaina, ban sani ba. Wani lokaci in ina juya baban rini a rami nakan ce ta cuce ni, wani lokaci kuma in na ji kalangu daga nesa sai in ga ƙafata na motsi.

Amma a san wannan ma. Akwai wata gwauruwa a Dawce, ɗanta yana Damagaram, kura ta tsallaka danga ta ɗauke uwar garken da Gwaggo ta ba ta aro. Matar ta zo tana kuka ta faɗa. Gwaggo ta ce ƙarya ne, yankawa suka yi. Ta zage ta a gaban mutane, sannan ta ɗauki sanda ta taka har Dawce a cikin zafin bazara, da tsufanta, don ta ga sawun kura da idonta. Ta gani. Ta dawo gida. Da kasuwa ta zagayo, aka gan ta a hanyar Dawce tana jan akuyar da ta fi kowacce kyau a turkenta, da ƙaya ɗaure a kai ta gyaran danga. Haƙuri dai ba ta bayar ba. Ta ɗaure akuyar ta ce, “Wannan ma aro ce.” Matar nan ita ta wanke Gwaggo ran da ta rasu.

Na farko da ya yi karatu a kan awakinta shi ne Malam, wanda yanzu ke raba mana gado da sasanta rigima. Ɗan mai fura ne, ba gadon malanta ya yi ba. Da ya dawo, Gwaggo ba ta yarda ya yi karatu ba, ita kuma ba ta iya duba littafi balle ta gwada shi. Sai ta riƙa kai masa tambaya, ta haddace amsarsa, ta tafi Kance ta yi wa wani tsohon malami tambayar nan ba tare da ta ce ta yi wa wani ba. Da amsoshin suka yi ta zuwa daidai, ta ce, “To, ko dai kun yi karatu, ko kun haɗa baki.” Duk girman da ya yi daga baya, “malamin akuyata” take ce masa, shi kuwa yakan sauko daga buzunsa ya gaishe ta.

Shi ne ya fara hango abin da zai faru. Da ƙarfinta ya fara raguwa, ya zo gida ina zaune, ya ce, “Gwaggo, magana ce ta kawo ni. Awakin nan, ki kira mutum biyu ki faɗa a gabansu cewa kin mai da su waƙafi. Wato kin fid da su daga dukiyarki kin tsayar da su don masu karatu, ba a sayarwa, ba a gado. In ba haka ba, ran da kika kau, na magaji ne.”

“In na fid da su daga hannuna, hannun wa za su shiga?”

“Ki naɗa wanda kika amince da shi ya kula.”

“Wa ke nan?”

Ba ta jira amsarsa ba. Ta yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo a rumbu. “Kai ko? Na ciyar da kai ka koyo dabara, ka dawo ka gwada ta a kaina.”

“Subhanallahi. Ba ni ba, Gwaggo. Ki naɗa kowa. Ko wasiyya ki bari a kan sulusi, shari'a ta ba ki wannan.”

“Ran da suka ji na ce ba nawa ba ne, kafin salla babu ko ɗaya a turke. Tsorona ne ke kiwon awakin nan, ba dusa ba.”

Ya dawo ya sake dawowa, ta kafe kai da fata. A ciwonta na ƙarshe ni ma na gwada. Na zauna bakin gadonta da rana, na ce, “Gwaggo, ki tuna da na Katsina, bai gama ba.” Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, “Ka ƙosa in mutu ne?” Na fita ina hawaye, rabi na tausayi, rabi na haushi. Ba ta sake maganar ba har ta cika.

Bayan sadakar arba'in aka taru a zauren Malam. Taubashina ya ce a tattaro masa dukiyar uwarsa. Na ja shi gefe, na fara da wasa yadda muka saba, na ce, “Yaya, mai jakuna kamarka me zai yi da awaki, ko nono ka koma sha?” Bai yi dariya ba.

Na ce, “Ka bar na gidanmu har ƙanena ya gama. Don Allah.”

Ya ce, “Har yaushe? Karatu na da ranar gamawa? Ni an ce mini ɗinkin hula yake a kasuwa.”

“Duk ɗalibi na ɗinki, Yaya, da me zai sayi man fitila?”

“Ka san na taɓa roƙonta 'yan bunsuraye in yi jari, lokacin da jakunana suka mutu a hanya? Ta ce fatauci shi ke ciyar da kansa. Ɗan mai fura ya ci, ɗan gwauruwa ya ci, ni da ta haifa ban ci ba. Yanzu Allah ya ba ni, kai kuma ka ce in bari?”

Ni ma na san zafin hanin Gwaggo.

Malam ya sa aka kira matan ɗaya bayan ɗaya, suna bayan asabari. Tambaya ɗaya yake yi wa kowacce: “Da ta kawo miki, me ta ce?” Aka zo kan Inna. Kalma guda ce tsakanin ɗanta da karatunsa, kuma wadda za ta ƙaryata ta tana kabari. Inna ta matso bakin asabari. Sannan ta ce, “Allah gafarta Malam, aro ta ce.” Ko da ma ta faɗi wani abu, duk unguwa ta ji Gwaggo ta bayan katanga.

Malam ya yanke. Bunsurayen da aka riga aka haifa na ɗalibai ne, kamar yadda ta sharɗanta. Awaki mata duka, da abin da ke cikinsu, aro ne, aro kuma in mai shi ya mutu yana komawa cikin gado. Babu waƙafi, babu wasiyya, magaji ɗaya ne. Idonsa ya yi ja. Karatun da awakin suka biya, shi ya watsa awakin.

Na so in tsaya a kan tausayinsa, amma jinin Gwaggo ne a jikina. Kwana kaɗan kafin zaman na ga taubashina yana fitowa daga zauren Malam. Bayan zaman kuma na ga Malam da sabon rawani, kuma ni marini ne, na san ba rinin Matameye ba ne. Mai yiwuwa wani ɗalibinsa ne ya kawo masa. Mai yiwuwa gaisuwa ce kawai ta kai taubashina. Na yi ta gaya wa kaina haka, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce bari ƙanena ya zo, shi ya karanta littafin da Malam ya karanta, shi zai gaya mini gaskiya.

Igiyoyin nan duk sun yi aiki. Da aka zo turken Inna ta shige ɗaki ta ja ƙofa, uwar garken tana da tsohon ciki, tana ta kuka har aka fita da ita gari. Na duba abin da ke hannuna ta kowace fuska. Baban rini ya yi tsada a shekarar, rumbu bai cika ba, ga iyalina ga na ƙanena. Bunsurun da ya rage muka sayar, muka aika masa guzurin hanya, da saƙon cewa ya dawo kafin shuka.

Ya iso da ayarin fatake, hadari ya fara haɗuwa a gabas. A rame yake, gafakarsa a hammata, cike da takardun da ya kwafa da hannunsa. Bai zauna ba sai da muka je kabarinta. Ya yi mata addu'a mai tsawo da Larabci. Ni da tawa Hausar na ce: Allah, Kai da ba a ɓoye maka komai, ka jiƙan Gwaggo, ka yarda da ita fiye da yadda ta yarda da mu, ka ba ta ladan kowane shafi da aka karanta a kan awakinta.

Ruwa ya sauka, muka fita gona. Ina gaba da sungumi ina sara, yana baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Hannunsa ya yi laushi, tafiyarsa ta manta kunya. Da muka yi nisa da mutane na tsaya, na ce, “Kai da ka yi karatu, gaya mini tsakaninka da Allah. Hukuncin nan da Malam ya yi daidai ne, ko rawani ne ya yi magana?”

Ya zuba iri a ramin da ke gabansa, ya rufe da ƙafa.

Ya ce, “Yaya, babin aro da kyauta da gado duk can wajen ƙarshen littafi suke. Malaminmu ya ce bayan damina za mu shiga. Ban kai nan ba.”

Na ɗaga sungumi, muka ci gaba da shuka.